Ƙarar da Ta Shiga Lasifikar Makarantarmu

Bara bayan kaka, iyayen yaran makarantar da nake koyarwa a ƙaramar hukumar Sarkin Yamma suka yi karo-karo. Wani ya kawo tiyar gero, wani ta wake, wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta ba da dala ɗari. Aka kai hatsin kasuwa, aka haɗa kuɗin, aka saya mana lasifika da ampili da batir da ɗan faifan sola, duka wajen jikka sittin. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara saba'in cikin ajin zana ba, iskar hunturu tana kaɗawa, jakuna suna kuka a bayan danga, ba zai san darajar wannan kayan ba. Ni kam na sani, domin kafin a saye su, kowace Laraba muryata ta riga ta dishe.

Da lasifikar nake sa wa 'yan CM2 karatun Faransanci da na adana cikin salulata, su ji yadda ake furta kalmomi daga bakin da ba nawa ba. Da ita muke yin dikte, da ita ake taron iyaye. Mabuɗin akwatin da ake ajiye ta kuwa na damƙa shi ga wani yaro, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ba shi ne na ɗaya a aji ba, amma yana da hannu. In ƙafar benci ta karye shi ke ɗaure ta, in tocilar wani ta mutu shi ake kai wa.

Wata Litinin cikin Janairu na haɗa kaya kamar kullum, na kunna dikte. Sai ga wani siririn kuka kamar na gyare ya biyo muryar mai karatun, ƙarƙashinsa kuma wani gurnani. Can kuma sai a ji tit-tit-tit-tirrr, ya yanke magana, ya wuce. Na rage murya, na ƙara, na bubbuga ampilin da tafin hannu kamar yadda kowa ke yi, a banza. Da na karɓi takardu na duba, fiye da rabin ajin sun rubuta abin da ba shi aka faɗa ba. Talata haka, Laraba haka.

A ƙauye magana ba ta kwana. Ashe ranar Asabar an yi biki a unguwar su yaron, an kwana ana kiɗa da lasifika. Wani ya ce ya ga yaron a wurin. Wani ya ce ai har ya gan shi yana taɓa wayoyi. Kafin maganar ta iso kunnena ta zama cewa ya ɗauki kayan makaranta ya kai biki an ƙone su. Ban tambayi masu bikin inda suka samo tasu lasifikar ba. Na tsai da yaron gaban aji, na ce ya miƙo mabuɗi. Ya ce, "Wallahi Mushe ban fitar da ita ba." Na ce ya rufe mani baki. Na kuwa faɗa masa wata kalma da har yau in na tuna ta sai na ji nauyi.

Shugaban kwamitin iyaye ya aika aka kira uban. Manomi ne, irin waɗanda gerunsu ba ya kai su damina. Ya durƙusa ya saurari kowa, sannan ya dube ni ya ce, "Mushe, ni dai ba ni da jikka sittin. In shi ya ɓata, to, yayansa yana Kano yana tura baro, sai ya bi shi ya nemo." Washegari wurin yaron a benci babu kowa. Duk malamin karkara ya san abin da wannan yake nufi: yaron da ya fita ana saura wata biyar jarrabawa, da wuya a sake ganinsa riƙe da littafi.

Ranar Asabar na ɗaure ampilin da lasifikar a bayan kabu-kabu na nufi Maraɗi. Batir ɗin na bar shi saboda nauyi, tare da duk tarkacen da ke maƙale a jikinsa. Niyyata in ji nawa ne kuɗin gyara, ko uban zai iya biyan rabi in cika rabi. Aka kwatanta mani wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa. Ya haɗa kayan da batir ɗinsa, ya karɓi salulata ya jona, ya kunna. Murya ta fito tas, kamar ranar da aka sayo su. Muka bar ta tana ta karatu har ya gama shan shayinsa.

Na ce, "Baba, wallahi a can ba haka take yi ba."

Ya ce, "Na yarda, Malam. Amma ka kawo mani mai lafiya ka bar majinyacin a gida. Me da me ka bari?"

Daga nan ya ba ni labarin da ya sa na zauna rubuta wannan. A 2004, shekarar da fara ta mamaye ƙasar nan, an ɗauke shi ya taimaka wa makanikan ƙananan jiragen da ke feshin magani, a ɓangaren wayoyi da rediyo. Ya ce ƙorafin da matuƙa suka fi kawowa shi ne ƙara a cikin abin kunne. Matuƙin ƙaramin jirgi yana zaune dab da inji, ba ya jin komai sai ta wannan abin da ya rufe kunnuwansa da shi. Ta nan yake jin hasumiya, ta nan yake jin wanda ke gefensa. Sai a ciro rediyon a kai teburin gwaji, a same shi lafiya lau, a mayar, ƙara ta dawo. Sau da yawa ɓarawon ba cikin kayan jirgin yake ba. Ɗan abin da matuƙin ya shigo da shi ne, na'urar nuna hanya ta hannu ko salula, ya cusa cajarta a ramin wuta irin na mota.

Ya ce akwai ƙa'idar da manyan makanikan suka koya masa, kuma ba su yarda a tsallake ta. Jirgi yana ƙasa, inji a kashe, a kashe komai, a sa abin kunne a saurara. Sannan a kunna wutar batir kaɗai, a saurara. A kunna rediyo, a saurara. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa abu biyu lokaci guda, domin in ka taɓa biyu ƙara ta zo, ba ka san na wa ba ne. Bayan haka a tada inji. In kukan yana hawa yana sauka tare da gudun injin, to na na'urar da ke cajin batir ne. In kuwa bai damu da inji ba, amma da an zare caja sai ya ɗauke, an kama mai laifi. Akwai kuma wata tambaya: in ka rage muryar rediyo ƙarar ta ragu, ta iska ta shigo, ta eriya, in ta tsaya yadda take, cikin wayoyi take tafiya.

Ina sauraronsa kunya tana rufe ni. Wannan ai shi ne abin da aka koya mana a makarantar horon malamai ta Maraɗi, a darasin koyar da kimiyya: ka lura, ka yi zato, ka gwada zaton, ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Na rubuta shi a jarrabawa na ci. Na shekara ashirin ina sa yara su shuka wake cikin gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, don su gane shi. Amma da abin ya zo kaina, zato na farko da aka miƙo mani shi na karɓa, don ya zo da sunan yaro a jikinsa.

Da na dawo na yi ta bincike, abin da na fahimta kuma zan faɗe shi a nan, domin na san masallatai da makarantu da yawa suna fama da wannan matsalar, ana ta zagin masu gyara da masu sayar da kaya.

Tit-tit-tirr ɗin nan da kowa ya sani, wanda ke riga ƙarar kira zuwa, daga salula yake. A tsohon tsarin GSM, wanda ake ce wa 2G, salula ba ta magana da eriyar kamfani a miƙe. Mutum takwas ne ke raba hanya ɗaya, kowa da ɗan lokacinsa, saboda haka salularka tana watsa saƙo ta yi shiru, ta watsa ta yi shiru, sau 217 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan bugun ne igiyar lasifika ke kamawa kamar eriya, ampili ya ɗauke shi ya ƙara masa ƙarfi. In eriyar kamfani tana nesa, salula takan ɗaga ƙarfinta har zuwa wat 2 don a ji ta. Shi ya sa mu mutanen ƙauye muka fi na birni sanin wannan kukan: layinmu yana da rauni, kuma salula tana yawan komawa 2G. A cikin jirgi ma haka ne, tana ta neman eriya da iyakar ƙarfinta, tana buga wa matuƙi ganga a kunne. Hukumar sadarwa ta Amurka ta hana amfani da salula a sararin sama tun 1991, ko da yake babban dalilinta shi ne kare layukan ƙasa, domin salula ɗaya daga sama tana iya taɓa eriya da yawa lokaci guda. A 2013 hukumar jiragen saman ƙasar ta sassauta, ta yarda fasinja ya yi amfani da na'urarsa tun daga tashi har sauka, muddin ya sa ta a yanayin jirgi, wato ya rufe layin kira.

Kada a ɗauka ƙara a kunnen matuƙi ƙaramin abu ne. Rediyon jirage yana aiki tsakanin megahaz 118 da 137, sama kaɗan da tashoshin FM da muke kamawa, amma da tsarin AM, irin na gajeren zango. Duk wanda ya saurari labaran safe a gajeren zango kusa da injin niƙa ko wani ƙwan lantarki mai araha ya san yadda AM ke kwasar kowace irin ƙazanta. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Dalilai da yawa ne suka haɗu, amma ɗaya daga ciki shi ne mai hasumiya da matuƙin Pan Am sun yi magana a lokaci ɗaya, muryoyin biyu suka haɗu suka zama ƙara mai kaifi a kunnen matuƙan KLM, ta rufe kalmomin da da sun ji su da sun tsaya. Ba salula ce ta jawo wannan ba, lokacin ma babu ita. Na kawo shi ne don a ga abin da ƙarar 'yan daƙiƙu ke iya haɗiyewa.

Kukan gyaren kuwa labarinsa daban. Batir ɗinmu bolt 12 ne, salula kuma bolt 5 take sha. Cajar mota tana rage wutar ne ta hanyar yanka ta, tana buɗewa tana rufewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa. Caja ta kirki tana da 'yan kayan tacewa da ke hana wannan datti fita. Ta araha an cire mata su don kuɗinta ya sauka. Sannan akwai abu na biyu, wanda ya fi ba ni wahalar ganewa sai da na tuna magudanan ruwan noman rani na Jiratawa. In ruwa ya samu hanya biyu zuwa wuri ɗaya, zai bi duka biyun, har da wadda ba a gina don shi ba. Ampili yana haɗe da batir ta wayarsa. Salula tana haɗe da batir ɗin nan ta caja. Igiyar sauti kuma ta haɗa salula da ampili. An yi zobe ke nan. Wutar da ya kamata ta koma batir ta hanyar caja sai wani sashe nata ya bi ta igiyar sauti, ampili kuwa ba ya bambanta murya da datti, duk abin da ya shigo ta wannan ƙofar ƙara masa ƙarfi yake yi. Abin da ke faruwa ke nan a ƙaramin jirgi in matuƙi ya jona na'urarsa da ramin caji kuma ya jona ta da abin kunne. Maganinsa a wurinsu shi ne caja mai kyau, ko wani ɗan akwati da ake sakawa tsakiyar igiyar sauti, mai barin murya ta wuce ya tare wutar, ko kuwa dunƙulen baƙin ƙarfen nan da ake gani a wuyan igiyar kwamfuta, wanda ke shanye wani sashe na dattin.

Tun a bayan kabu-kabu, kafin mu bar kwalta, na riga na san abin da zan tarar. Ranar Lahadin da ta gabaci waccan Litinin, ni da kaina na sayo cajar mota ta jikka guda a hannun wani mai talla, na maƙala ta a batir ɗin makaranta, don in huta da biyan dala ashirin kullum a shagon caji. Laifi tudu ne. Na tsaya kan nawa ƙafa biyu, ina hangen na yaro.

Na yi tunanin in zare cajar a ɓoye, in ce mai gyara ya gyara. Zan faɗi gaskiya, na kwana da wannan tunanin. Babu wanda zai sani, uban ba zai biya komai ba, ni ma girmana yana nan. Abin da ya hana ni shi ne, in na yi haka, a idon gari yaron ya ɓata ne aka gyara.

Ranar Litinin na roƙi shugaban kwamiti da darakta su shigo aji. Na ja layi biyu a allo, gefe ɗaya abin da muka haɗa, gefe ɗaya abin da muka ji. Na sa wata yarinya ta riƙe alli. Batir da ampili da lasifika kaɗai: shiru. Muka jona igiyar sauti ba salula: ɗan huci kaɗan, da yara suka taɓa bakin igiyar da yatsa ya zama gurnani, suka yi dariya. Muka jona salula, ba caja: murya tas. Na ce wa darakta ya kira lambata, salular tana kan ampili. Tun kafin ta yi ƙara sai tit-tit-tirr, ajin ya ɗauki ihu, domin kowa ya gane shi. Muka matsar da ita iyakar tsawon igiya, ya sake kira, kukan ya ragu sosai. Muka sa ta a yanayin jirgi, ya ɓace. Yarinyar ta rubuta.

Saura abu ɗaya a kan tebur. Wani yaro daga baya ya ce, "Mushe, ba a gwada wancan ba." Na ce ya zo ya jona da hannunsa. Yana cusawa gyare ya fara kuka. Ya zare, shiru. Ya mayar, kuka. Sai wata ta lura cewa in an shafa fuskar salular kukan yana canza murya, abin da ni ban ma kula da shi ba. Na tambaye su, wannan cajar ta wa ce? Babu wanda ya amsa, duk sun sani. Na ce tawa ce, ranar kaza na sayo ta, ɗan'uwanku bai taɓa komai ba, kuma abin da na faɗa masa a gabanku ban kyauta ba. Shugaban kwamiti ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Daga baya aka ji cewa masu bikin ma daga Safo suka yi hayar tasu lasifikar.

Wani abokin aikina ya ce mani na zubar da girmana, yara ba za su ƙara jin tsorona ba. Mai yiwuwa ya yi gaskiya game da tsoron. Amma ban taɓa ganin wannan ajin ya bi darasi da ido da kunne kamar wannan safiyar ba, kuma har ƙarshen shekara, in wani ya kawo zato a darasin kimiyya, sai ka ji wani ya ce a ja layi biyu a allo. Wasu sun kai abin gida. Uban wata yarinya ya tare ni a hanya yana dariya, ya ce 'yarsa ta hana shi saurarar rediyo sai da ta kashe ƙwayayen sola na gidan ɗaya bayan ɗaya, har ta gano wanda ke sa shi shashshaka. Ladanin unguwarmu ma yanzu a aljihun rigar da ya rataye a ƙofa yake barin salularsa kafin ya kama makirfo.

Da la'asar ɗin ranar na tafi gidan su yaron, tare da shugaban kwamiti. Muka tarar da uban yana gyaran danga. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, na zo ne in ba ka haƙuri, kai da ɗanka. Kayan lafiyarsu lau. Laifin nawa ne." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Mushe, ai kai uba ne gare shi. Uba ba ya ba ɗa haƙuri." Na ce wannan karon dai zai ba shi. Ya ce yaron bai tafi Kano ba tukuna, kuɗin mota ake haɗawa, yana wajen kawunsa a gulbi suna ban ruwa. Na roƙe shi ya bar shi ya ƙarasa shekarar. Ya ce sai ya yi shawara da uwarsa.

Kwana huɗu wurin yana nan babu kowa. Ranar Juma'a da safe na shigo na gan shi zaune, bai ɗago kai ba. Da aka tashi na kira shi, na ba shi haƙuri baki da baki, na miƙa masa mabuɗin. Ya sa hannuwansa a baya ya ce, "A ba wani, Mushe." Ban matsa masa ba. Mabuɗin ya koma hannun yarinyar da ta riƙe alli.

Yanzu karatun yana kan ɗan katin ajiya da muke cusawa kai tsaye a jikin ampili, ba salula ba igiya, ni kuma na koma biyan dala ashirin ɗina a shagon caji. Yaron ya zauna jarrabawa tare da 'yan ajinsu, bana yana kwaleji. Cajar kuwa ban jefar da ita ba. Wajen watan Mayu ya zo da kansa ya tambaye ni ko zan ba shi ita, yana so ya fasa ya ga abin da ke ciki. Na ba shi. Bayan kwana biyu ya kawo mani ɗan allon cikinta a tafin hannu, ya nuna mani wasu gurabe biyu da aka zana aka yi wa lamba, amma ba a sa komai a kansu ba, ya tambaye ni ko nan ne wurin kayan tacewar.